Ka Bari Ya Gama Tukuna

 A makon jiya na yi muku alkawarin za mu ci gaba da maganar shirin jarrabawa. To ku yi mini afuwa, na ɗage ta zuwa mako mai zuwa. Wani abu ne ya faru a gabana kwanakin baya, ya tsaya mini a rai, kuma ina ganin gara mu tattauna shi tun da sauran zafinsa.

An gayyace ni alƙalancin muhawara a wata makarantar sakandare da ke ƙaramar hukumar Kebbe. Ba zan faɗi sunanta ba, don abin da ya faru can yana iya faruwa a taku. Batun muhawarar tsoho ne, mu ma mun yi shi a zamaninmu: tsakanin noma da kiwo, wanne ya fi amfani ga al'umma? Yaron da ya jagoranci masu kare kiwo siriri ne, mai sanyin murya, ɗan aji biyu na babbar sakandare, daga ruga yake takowa kullum. Amma fa ya shirya. Ya tambayi abokan karawarsa wa ke jan garmar da suke huɗa da ita. Ya tuna musu cewa iyayenmu da kansu suke roƙon makiyayi ya sauka a gonarsu bayan an cire amfani, don taki. Ya kawo nono da man shanu da fata da ragon layya. Ni kaina da ke riƙe da biro na ga maki na tafiya wajensa.

Jagoran masu kare noma ya miƙe don mai da martani. Ya fara da kyau, sai hujja ta ƙare masa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya nuna abokin karawarsa da yatsa, ya ce: "Mu dai mun san abin da kiwonku ya jawo muna. Ku koma daji wurin 'yan'uwanku!"

Ɗakin taro ya kaure da ihu da tafi, ana bugun benci. Yaron rugar yana da sauran minti biyu na rufewa. Ya tashi da takardarsa a hannu, ya dubi jama'a, ya ninke ta, ya koma ya zauna.

Ga inda nawa laifin yake. Na kaɗa ƙararrawa, na ce a kiyaye harshe, na ci gaba da tara maki kamar ba a yi komai ba. Aka raba kyauta, aka ɗauki hoto, aka watse. Sai da na shiga mota muka kama hanyar Tambuwal sannan abin ya dawo mini. An ci mutuncin yaro a gaban makaranta guda, ni kuwa da aka ba kujerar alƙali ina lissafi.

Bayan mako guda malamin da ke kula da ƙungiyar muhawarar ya kira ni. Ya ce yaron bai sake leƙo makaranta ba, mahaifinsa ya ce ya zauna ya bi shanu. Ya kuma ƙara mini da abin da ban sani ba. Shi wanda ya yi maganar, iyayensa gudun hijira suka yi daga ƙauyensu bayan 'yan bindiga sun shiga, suna raɓe a gidan dangi, kuma sai da suka sayar da amfanin gonar shekara kafin aka sako musu wani ɗan'uwansu. Shi kuma ɗan rugar, an kore wa mahaifinsa fiye da rabin garkensa a dare ɗaya. Wato wuta ɗaya ce ta ƙone su duka biyun, amma ba wanda ya san labarin ɗan'uwansa, alhali rufi ɗaya ke kansu kowace safiya.

Ku dubi kalmar da na yi amfani da ita ɗazu, cin mutunci. Mutunci daga mutum ta fito. Idan Bahaushe ya ce an ci mutuncin wane, yana nufin an taɓa abin nan da ya sa ake kiransa mutum. Wannan abu kuwa ba uban ƙasa ya ba shi ba, ba makaranta ba, ba kuɗin mahaifinsa ba. A aya ta 70 ta Suratul Isra'i, Allah Ya ba da labarin cewa Shi Ya karrama 'yan Adam, kuma a wurin bai ware wata ƙabila ko wata sana'a ba. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi a aya ta 11, sannan aya ta 13 ta bayyana cewa an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an taɓa wucewa da gawa ta gaban Annabi (SAW), ya miƙe tsaye. Da aka gaya masa gawar Bayahude ce, sai ya mai da musu tambaya ko shi ɗin ba rai ba ne. Abokan karatunku Kiristoci ma za su gaya muku cewa littafinsu ya buɗe ne da labarin darajar da Mahalicci Ya ba ɗan Adam.

Na san duk kun san wannan, da yawanku ma sun haddace ayoyin a Islamiyya. Wuyar ita ce ranar da aka ɓata maka rai. Girmama wanda kuke ra'ayi ɗaya ba aiki ba ne. Ana gane wanda ya yarda da darajar ɗan Adam ne a lokacin gardama, sa'ad da wanda ke gabansa yake faɗin abin da kunnensa ba ya so. Kuma alama ta farko mai sauƙin gani ce: yana barinsa ya gama magana?

Littattafan tarihin Annabi sun kawo labarin Utba ɗan Rabi'a, ɗaya daga cikin manyan Ƙuraishawa. Ya zo da tayin da a wurin mai imani cin fuska ne: in dukiya ake so za a tara, in sarauta ce za a naɗa, in kuma rashin lafiya ce za a nemi magani, a dai bar wannan kira. Annabi (SAW) bai katse shi ba. Sai da ya kai aya, sannan ya tambaye shi ko ya gama, yana kiransa da alkunyarsa ta girmamawa, Abul Walid. Daga nan ya karanta masa farkon Suratu Fussilat. Utba bai musulunta ba, a yaƙin Badar ma ya mutu yana ɓangaren Ƙuraishawa. Ina so ku riƙe wannan, domin wasu suna ɗaukan ladabin magana a matsayin dabarar cin gasa. An saurari Utba ne don shi mutum ne, ko ya karɓa ko bai karɓa ba.

Yanzu bari mu dawo gida, ga wani labari da ya faru a ƙasarmu wanda ban cika jin ana ba ɗalibai shi ba.

Duk wanda ya hau mota daga Tambuwal zuwa Sakkwato zai ratsa yankin Bodinga, inda garin Sifawa yake. A nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815. A waɗannan shekaru ne aka yi wata muhawara da ta fi tamu ta Kebbe nauyi nesa ba kusa ba, domin ita jini ake zubarwa a bayanta.

A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu, babban birnin Borno. Borno kuwa daula ce da sarakunanta suka yi ɗaruruwan shekaru a cikin Musulunci. Mai na Borno ya nemi taimakon wani malami, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu. Malamin ya taimaka aka ƙwato birnin. Amma bai tsaya ga takobi ba, ya ɗauki alƙalami ya rubuto wasiƙa zuwa ga shugabannin jihadi, yana tambayar hujjarsu ta yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka.

Hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya amsa cewa akwai ɓarna a Borno: cin hanci, zaluncin masu hukunci, cin dukiyar marayu, da wasu al'adu da ba su dace ba. Amma ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga addini, kuma ko a manyan ƙasashen Musulmi irin su Masar ana samun irinsu, ba wanda ya ce mutanensu sun kafirta. A ganinsa maganin jahilci koyarwa ne. Ya kuma nuna ya karanta littattafan Shehu Usmanu, yana ganin girmansa, sai dai gaskiya ce a gaba da kowa.

Ku sa kanku a matsayin Muhammadu Bello, ɗan Shehu, wanda a lokacin shekarunsa ba su wuce talatin da 'yan kai ba. An aiko takarda tana cewa yaƙin da kuke yi a wani yanki ba shi da hujja, kuma mai takardar shi ne ke tare mayaƙanku a fagen daga. Da ɗayanmu ne, wataƙila a murhu za ta ƙare. Bello ya zauna ya ba da amsa dalla-dalla. Ya kafa hujja da cewa masu mulkin Borno sun goyi bayan sarakunan Hausa da ke yaƙar jama'ar Shehu, sun takura wa masu bin kiran, ga kuma yanke-yanken da ake yi wa itatuwa da duwatsu. Manzanni suka yi ta kai da kawowa, tafiyar makonni a kan doki da raƙumi.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Da Bello ya rubuta littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, sai ya sa maganganun al-Kanemi a ciki tare da amsoshinsa. Littafin nasa ne, alƙalamin a hannunsa yake, abokin hamayyar yana can gabas mai nisa. Yana iya rage hujjar ta zama abin dariya, ya ce ga shirmen da mutumin Borno ya aiko. Bai yi haka ba. Ya bar ta da ƙarfinta, har yau masana tarihi idan suna son sanin abin da Shehu Laminu ya ce, littafin Bello na cikin wuraren da suke fara dubawa. Akwai ma waɗanda suka karanta suka ga hujjar al-Kanemi ta fi ƙarfi a wasu wurare, kuma Bello ne da hannunsa ya ba su damar ganin haka. Wani Bature, E. J. Arnett, ya fitar da fassarar littafin da Ingilishi a 1922. Wanda ya sami zuwa Sakkwato ya roƙi malamin tarihinsu ya kai su Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, su ga irin takardun wancan zamani da idonsu.

Kada in yi muku kwalliya da labarin. Wasiƙun akwai zafi a cikinsu, kowa ya soki ɗan'uwansa inda ya ga dama. Ba wanda ya sauko daga ra'ayinsa. Yaƙi ma bai mutu ba, domin wajajen 1826 zuwa 1827 al-Kanemi ya taso da runduna ya doshi Kano, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi. Saboda haka wanda ya ce muku kyakkyawar magana tana kashe kowace wuta, bai gaya muku gaskiya duka ba. Amma ku lura da abin da ya rage. Mutum biyu da ke yaƙi da juna, kowanne ya ɗauki ɗayan a matsayin malami mai hankali wanda ya cancanci a ba shi amsa da hujja. Wannan hali na Bello ya sake bayyana a 1824, lokacin yana Sarkin Musulmi, da wani Baturen Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya iso Sakkwato. Bello ya yi ta yi masa tambayoyi kan ɗarikun Kiristanci, har baƙon ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa sai da ya amsa iliminsa bai kai nan ba.

Wani zai ce, to Malam, ai mu Hausawa mun saba da tsokanar juna. Gaskiya ne. Jikokin waɗancan mayaƙa, Fulani da Barebari, yau abokan wasa ne, in sun haɗu kowa cewa yake ɗayan bawansa ne, a yi dariya a rabu. Haka Gobirawa da Yarabawa, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa. Amma wasan barkwanci yana da ƙa'ida. Su biyun suke dariya, kowa yana da damar ramawa, kuma ba a taɓa inda ke ciwo. Abin da aka yi a ɗakin taron nan, mutum ɗari ne suka yi dariya, mutum ɗaya ya ninke takardarsa. Ku da kuka taɓa zuwa Kano ko Kaduna aka sa ku maimaita "mi kac ce" don a sami abin dariya, kun san bambancin a jikinku. In abokinka ne ya yi, ka rama da nasa harshen. In aji guda ne suka taru a kanka, sai ka ji bakinka ya yi nauyi har a tashi.

Akwai kuma karin maganar da muke fakewa da ita, wai wake ɗaya shi ke ɓata gari. A tukunya haka ne. A kan mutane kuwa zalunci ne. Yaron da ke tako kilomitoci zuwa aji da littafi a hannu bai ɗauki bindigar kowa ba. In muka kore shi daga benci da bakinmu, ina muke so ya nufa? Wannan tambaya ita ta hana ni barci. Haka kuma ba na son ku mai da ɗaya yaron dodo. Abin da ya faɗa mummuna ne, amma daga cikin ciwo ya fito, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya same su.

Na koma makarantar. Ni da malamin muka je rugar, muka gaisa da mahaifin yaron, na ba shi haƙuri a kan shirun da na yi. Dattijon bai ce da yawa ba. Ya ce, "Malam, na sa shi boko ne don kada a kira shi da sunan da aka kira shi." Daga ƙarshe ya yarda ya bar shi ya zo, sau ɗaya, a ji.

Muka zaunar da su biyun a ofis, ba 'yan kallo. Na kafa musu sharaɗi guda. Ba nawa ba ne, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Carl Rogers, ya ba da shawararsa a farkon shekarun 1950, ko da yake ni a wurin Bello na fara ganin aikinsa. Sharaɗin shi ne: ba ka da izinin ba da amsa sai ka maimaita abin da ɗan'uwanka ya faɗa, da bakinka, har shi da kansa ya ce e, haka nake nufi.

Kuna jin abin kamar wasa. Ku gwada ku gani. Ɗan rugar ya yi magana kamar minti uku, a kan daren da aka kore musu shanu, da yadda ake kallonsu a kasuwa, da yadda yake cire rawaninsa kafin ya shigo gari. Da aka ce ɗayan ya maimaita, sai ya ce, "Yana cewa su ba ruwansu." Yaron ya girgiza kai. Ya sake gwadawa: "Yana cewa su ma an yi musu sata." Ya ce da saura. Sai a karo na uku, bayan dogon shiru, ya ce, "Yana cewa tsoro biyu yake ji. In ya koma daji yana tsoron ɓarayi, in ya shigo gari yana tsoronmu." Ɗan rugar ya ce, "Shi ke nan."

Da aka juya, shi ma bai same ta da sauƙi ba. Sau biyu yana tsallake maganar hatsin da aka sayar, sai da abokin nasa ya ce masa, "Ba ka faɗi cewa bana ba mu da abin da za mu ci ba." Ya faɗa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ban ce muku sun rungumi juna ba. Ba su yi ba. Wanda ya yi maganar ya ba da haƙuri, ɗayan ya ce ya ji, kowa ya fita ta ƙofarsa. Har yanzu ɗan manomin yana ganin akwai makiyayan da ke sanin motsin ɓarayi su yi shiru, ɗan makiyayin kuma yana ganin an cinye burtali da mashaya an bar su ba hanya. Waɗannan maganganu ne na gaske, manya ma ba su warware su ba, kuma ban nemi ɗayansu ya janye nasa ba. Abin da na nema shi ne kowa ya iya faɗin nasa, ɗayan yana zaune har ya gama.

Ranar Litinin malamin ya aiko mini da saƙo cewa yaron ya shigo aji. Shugaban makarantar ya amince a sake muhawarar kafin hutun zango, a gaban ɗaliban da suka yi tafin nan, amma a musanya ɓangare: ɗan rugar zai kare noma, ɗan manomin zai kare kiwo. Na ji an ce ɗan manomin ya riga ya je ya tambayi abokin karawarsa watanni nawa saniya ke yi kafin ta haihu, don kada a kama shi a nan. Ni ne alƙali kuma, in Allah Ya kai mu, kuma wannan karon na gaya musu duk wanda ya katse wani ko ya taɓa asalinsa, a nan take zan tsai da agogo.

Masu ƙungiyar muhawara a makarantunsu, ku gwada sharaɗin maimaitawar nan sau ɗaya, ku rubuto mini yadda ta kaya, da sunan makarantarku da ajinku. Mako mai zuwa za mu koma kan jadawalin bitar jarrabawa, ku tanadi littafin lissafinku.